Ɗigon Mai a Cikin Firiji

Ƙarfe huɗu na yamma Sufeto ya iso ɗakin gwaje-gwaje, ya tarar da wata ɗaliba ta rafka tagumi gaban firiji.

Kwalbarta ta ɗanyen man fetur aka sace. Shekara bakwai tana haɗa lissafin da zai faɗi yadda kaki ke daskarewa cikin mai idan ya sha sanyi. Gobe kwamiti zai gwada lissafin da wannan kwalba. Babu kwalba, babu digiri.

Ɗigo ɗaya ɓarawon ya bari cikin firijin. Ta ɗora shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, Sufeto ya leƙa. Wasu fararen allurai ya gani suna shawagi a hankali, wannan ta kama waccan. Sai ya tuno man shafawar mahaifiyarsa da ke yin tauri da sanyin safiya, tana murza shi a tafi kafin ta shafa masa. Ya daɗe bai ɗago ba, kewarta ta kama shi.

"Malama, lissafinki zai faɗi yaushe wannan ya ɗiga?"

Ta ja takarda. "Sha biyun rana, ranka ya daɗe."

Mai gadi ya ce a lokacin kowa ya fita cin abinci, ban da Dakta, shugaban sashen.

Da Sufeto ya same shi a ofishinsa, Dakta ya yi dariya. "Da sha biyu ina wurin taro. Lissafin yarinyar nan shirme ne, nawa lissafin kamfanoni ke amfani da shi."

"To Dakta, me kake yi da kula a ƙarƙashin tebur?"

"Ruwan sha ne."

Sufeto ya buɗe. Kwalbar ce cikin ƙanƙara, an jingine ta da kyau. Ɓarawon gaske da tuni ya tuttular da ita a kwata, amma wanda ya shekara talatin a wannan aiki ba ya iya ɓata samfuri. Bai ma iya motsa shi ba sai da ya rubuta lokaci a jiki, yadda ya koya wa ɗalibansa: 12:03.

Dakta ya zauna jagwab. "Ni na ɗauka. Gobe za a gane nawa lissafin ne shirmen."

Ana fita da shi ya tsaya gaban ɗalibar.

"Minti uku kawai kika kuskure," ya ce. "Maza mayar da kwalbar firiji, kada kakin ya narke."