Irin Tukunyar Kande

Taswira-mai-magana tana tsakiyar tabarma tana ƙugi kamar zuma a cikin gora, tana zana hanya da shuɗin haske a bangon ɗakin Barau. Gari bakwai ta ɗiga, daga Kafanchan har Zuru. A kowane gari akwai gidan burukutu da tsohon yake shirin zuwa ya ɗanɗana.

Ba ƙishin sha ne ya tashe shi ba. A garinsu, Sabuwar Zonkwa, inda jirgin igiya ke ratsa tsakanin benaye, kowane gida yana da famfon-ɗanɗano. Ka ambaci sunan mai dafawa, famfo ya haɗa sinadarai ya zuba maka irin nata sak. Barau ya san yadda aka yi, don da hannunsa aka yi. Shekara talatin yana yawo da Harshen-Ƙarfe, wata sanda mai tsawon muciya, yana tsoma ta a tukwanen mata. Sandar ta lasa, ta haddace, ta aika wa kamfani.

Tukunya ɗaya ce bai taɓa tsoma wa ba, ta matarsa Kande. "Ka kawo muciyar nan kusa da tukunyata, ka ga yadda ake karya ta a ƙeyar mutum," haka takan ce, shi kuwa ya yi ta dariya. Yanzu damina huɗu da rasuwarta, ɗanɗanon abin da take dafawa ya fara gushe masa, kamar yadda muryarta ta riga ta yi.

Sai ya tuna al'adar masu dafawa. Sabuwar burukutu ba ta tashi sai an zuba mata ragowar tsohuwa, abin da suke kira iri. Ba a sayar da iri, kyauta mace take bai wa wadda ta yarda da ita. Kande ta bi bayan sandar mijinta, ta raba nata ga mata bakwai, don a samu abin da kamfani bai lasa ba. In ɗaya cikinsu tana dafawa, to Kande tana nan a wata tukunya.

"Baba Barau, na bincika," in ji taswirar. "Gidan Kafanchan ya zama shagon caji. Na Pankshin an rushe."

Haske ya yi ta mutuwa a bango ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ɗigo guda, gidan Rifkatu a Zuru. Taswirar ta kira ta, fuskar wata tsohuwa ta bayyana.

"Wa nake gani? Mijin Kande, mai sanda?"

"Ni ne, Yaya Rifkatu. Jibi ina tafe, har na ɗaure ƙwarya a jaka."

"Ka taho ka sha me? Iri abu ne mai rai, Barau, duk mako sai an ciyar da shi sabuwar dawa. Shekara uku ina dafawa ina zuba wa aladu, saboda Kande kawai. Bara gwiwa ta ƙi."

"Ko ɗan kaɗan a gindin tukunya?"

"Albasa na shuka a cikinta." Ta ƙura masa ido. "Ranar da ka tsoma sandarka, ka ce za a san sunana har Legas. An sani kuwa. Tun daga nan ko karen maƙwabta bai ƙara leƙo rumfata ba."

Fuskarta ta ɓace. Taswirar ta tambaya ko ta soke tafiyar. Barau ya kwance jaka, ya ɗauko ƙwaryar Kande mai ɗinki biyu a baki, ya tara ta a ƙarƙashin famfo.

"Kande," ya ce.

"Muna da ɗanɗano dubu huɗu da goma sha biyu, babu wannan suna," in ji famfon cikin ladabi. "Ko za ka zaɓi wani?"

Barau ya daɗe a tsaye, ƙwaryar a tare a bakin famfo.