Wa Ya Hura Wutar?

"Muna kai ku inda ɗan Adam bai taɓa kwana ba," in ji tallar kamfaninmu na yawon daji. Ba wanda ya tambayi abin da ya hana ɗan Adam kwana a wurin.

Dare na uku mun kafa tantuna a gindin wani dutse, sai ga tsoho daga cikin duhu. Manaja ya ɗauka ɗan ƙauyen nan ne da yakan ɗauko don tsorata baƙi.

"Sai yanzu, Baba? Duk sun yi barci! Ina farar rigar da na ba ka?"

"Wa ya hura wuta a ƙofar ɗakina?" in ji tsohon. Bakinsa bai motsa ba. A tsakiyar garwashi yake tsaye, ko ƙauri babu.

Manaja ne ya zaɓi wurin, shi ya ce a hura. Amma matsoracin banza ya ɗaga yatsa ya nuna kuku.

Kuku ya dube ni. Ni kuwa, direba mai digiri, na dubi ƙasa.

Kuku ya rufe tukunyar karin kumallon baƙi, ya sa takalmansa, ya bi tsohon.