Kwalbar Ƙarƙashin Gado

"Shigo mana, bokanya!" in ji Hajiya, tana kishingiɗe a falo. A gabanta wata kwalba ce, ba komai ciki sai guntun zare.

Siririya na shigowa ta gane kwalbar. Kwalbarsu ce, ita da Auta, ɗan Hajiya, saurayinta kuma abokin aikinta a lab ɗin jami'a. Farfesan Inorganic, mutumin da ke kayar da rabin aji yana murmushi, shi ya ba su aikin: a rataya zare cikin shuɗin ruwan sinadari, a ajiye inda ba motsi, har ƙanƙara ta tsiro a jikinsa. Ƙannen Siririya ba sa barin ko cokali ya zauna lafiya, shi ya sa aka ɓoye kwalbar ƙarƙashin gadon Auta.

"Hajiya, ina ruwan ciki?"

"Au, har da tambaya? Na tuttular a masai! Ruwa shuɗi, da zare, ga sunan ɗana da rubutun hannunki a jiki! Ni za a kawo wa asirin boko? Shi ya sa yaro ba shi da zance sai 'Siririya ta ce, Siririya ta ce'!"

"Wallahi practical ne, Hajiya, rabin makinmu…"

"Firatikal!" Hajiya ta maimaita ta hanci, ta taɓe baki. "Auta, yi magana!"

Auta dai, wanda a lab yake buɗe ƙirji yana "Baby, relax, ni ne chemistry ɗin da kansa", sai ga shi manne da firji kamar kazar da ruwa ya daka.

"To… ni dai, Mama, ita ta haɗa. Ban san me ta zuba ba."

Shi fa ya auna garin sinadarin da hannunsa, har yana ɗaukar selfie!

Siririya ta dube shi tun daga gashin da ya sha mai har zuwa silifas. Hawaye suka zubo mata. Ta durƙusa ta yi wa Hajiya sallama, ta fita.

Carry over ta kama su duka biyu, dole su maimaita darasin. Ta ci kukanta ta ƙoshi, ta sha dariyar ƙawaye, sannan ta koma aji cikin ɗaliban da ke bayanta ta zauna a layin gaba. Ta haɗa sabon ruwa ita kaɗai, ta kulle a saman wardrobe, ta rataya makullin a wuya. Da sakamako ya fito, sunanta ne a sama. Na Auta kuwa sai an sunkuya.

Ya tare ta a bakin lab, yana murza hula.

"Baby, Mama ta huce fa. Ta ce ki zo gida, ki ɗan riƙa koya min."

"Ta huce? Madalla! Ka ce ta shigar maka jarabawar."

Ta raɓa shi ta wuce abinta.

'Yan mata, mai haƙuri shi ke dafa dutse, amma ku lura da wanda kuke wa haƙurin. Namijin da ya kasa tsaya wa kwalba a gaban uwarsa, ba zai tsaya wa mace ba.