Ranar Da Saliha Ta Yi Odar Mijinta

Waya ta ce akwai fasinja bayan kasuwar hatsi ta Kaura Namoda, sunanta Balaraba, za ta Zurmi. Maccido ya danna ya karɓa. Sai da ya shigo layin ya lura ƙofar gidansa aka turo shi.

Matarsa Saliha ce tsaye da ƙaton akwati, wayar maƙwabciyarsu Balaraba a hannunta.

"Saliha... mi ke nan?"

"Fasinja ce. Buɗe but."

Baya ta zauna.

Wata takwas ke nan da ya bar jiran layi a tasha ya koma ɗaukar fasinja ta manhajar waya. Kamfani ya ce masa yanzu shi ne ogan kansa. Gaskiya ne: ogan da in ya ƙi kira uku a jere ake dakatar da shi. Sati biyar Saliha tana roƙon ya kai ta ta duba mahaifiyarta da ke kwance, yana cewa gobe. Kuma bai yarda ta bi hanyar nan da wani direba ba, saboda tsananin so.

Sun fita gari kafin ta yi magana.

"Inna ta rasu da asuba. Sau goma sha ɗaya na kira ka, ba ka ɗauka ba. Wannan sau ɗaya na danna... minti huɗu, ga ka."

Ya yi salati, motar ta yi tangal-tangal. Ya ce lokacin yana hanyar Shinkafi ne, ya ce don su yake wahalar nan, ya kira ta abar ƙaunarsa, sunan da rabonta da ji tun suna amare. Hawaye take, amma taga take kallo. Shi kuwa akwatin yake tunani: ya yi wa zaman makoki girma.

A ƙofar gidan su Saliha an riga an dawo daga maƙabarta.

"Yaushe zan zo ɗaukarki?"

"Kar ka wahalar da motarka, Baban Mardiyya."

"Saliha, don Allah..."

Ta ɗan daddanna wayar Balaraba, ta miƙa masa ya mayar wa mai ita, ta ja akwatinta ta shige.

Tasa wayar ta yi ƙara. Taurari biyar, da sharhi a ƙasa: "Direban kirki ne. Ba ya ɓata wa fasinja lokaci."