Awon Gonar Baba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, tsaye yake a tsakiyar kunyoyin wakenta, ya ɗaga wata ƙaramar na'ura sama kamar mai neman sabis. Ta daka masa tsawa ya sauka daga kan shukarta. Ya ja da baya a rikice, ya taka wata kunyar, ya ba da haƙuri, ya sake taka wata. Ba ta san lokacin da dariya ta ƙwace mata ba.

Ma'aikaci ne na wata ƙungiya da ta samo tallafi daga ƙasashen waje don dasa bishiyoyi saboda sauyin yanayi. Aikinsa shi ne ya bi iyakar kowace gona a ƙafa, na'urar ta zana taswira, shi ya sa mutanen ƙauyen suka raɗa masa Mai Awo. Ita kuwa Auta, tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba, ita ke riƙe da gonar. Wannan fili guda shi ke ciyar da mutum bakwai.

Awon gona ɗaya ba ya wuce awa guda. Ta Baba sai da ta ci kwana huɗu, kullum da sabon dalili.

"Manomiyata, na'urar ta ce akwai kusurwar da ba ta gane ba. Gobe ki zo ki nuna mana."

"Na'urarka ta fi ka iya ƙarya. Ƙarfe bakwai."

Haka ta zagaya da shi, tana nuna masa tsohon kututture, da dutsen da kakanta ya kafa, da inda ruwa ke kwanciya. Yana danna na'ura yana satar kallonta, ita kuma tana yi kamar ba ta gani.

Da Mai Awo ya fara neman aurenta, Baba bai so ba ko kaɗan. Ya ce mutumin da ya zo da jaka a baya, da jaka zai koma ranar da aikinsu ya ƙare. Shi hankalinsa ya fi kwanciya da mai shagon taki, wanda ya daɗe yana zarya, kuma kowa ya san gidansu. Amma Auta ta kafe. Da Mai Awo ya kawo takarda ya ce rajistar dashe ce kyauta, Baba ya dube ta ya ce don ita kaɗai zai dangwala yatsa, ya dangwala.

Bayan wata shida hadarin farko ya haɗo. Auta ta ɗauki iri ta nufi gona, sai ta tarar da turakun ƙarfe masu koren fenti a kowace kusurwar da ta nuna, har gindin dutsen kakanta. A tsakiya an kafa allo: filin nan ya shiga shirin bishiyoyi, ba noma har shekara ashirin. Ta karanta sau uku.

Mai shagon taki ne ya tsaya da babur ɗinsa, yana ta jajantawa da murmushi a fuska. Ya ce ai saurayinta ya daɗe da sani.

Ta rubuta wa Mai Awo kalma biyu a waya: "Ka sani?"

Sai da rana ta take amsar ta shigo. "Na sani. Ki bari in yi miki bayani."

Ta same shi a ofishinsu, ɗaki ɗaya mai fanka da taswirori a bango. Ga gonar Baba can an shafe ta da kore. Ya yi tsuru-tsuru. Ya ce a takardar akwai gurbin da ake sa alama cewa an karanta wa mai gona sharuɗɗa, shi kuma ya sa alamar alhali ko shi bai karanta shafin baya ba. Da ya karanta, sati uku ke nan, tsoron rasa ta ya ɗaure masa baki.

"Sati uku kana turo min 'manomiyata'," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da ƙafata na zagaya da kai. Ni na auna maka abincin gidanmu, ina dariya. Ba wanda ya taɓa cin amanata irin yadda ka ci."

Ta juya ta fice.

Baba bai ce mata ai na faɗa miki ba, kuma wannan shirun ya fi duka zafi. Ruwa ya sauka, maƙwabtan da ba su shiga shirin ba suka yi shuka, irinta na jingine a buhu bayan ƙofa. Mai shagon taki ya aiko cewa yana da gonar da zai ba su, in dai za a duba maganarsa. Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura, don ta san in aka ƙara sati biyu, ba ta da bakin cewa a'a.

Ana cikin haka wata jami'a daga masu ba da tallafin ta zo duba aiki. Aka tara manoma a ajin makaranta, shugaban ofis yana ta zuba yabon kansa. Sai Mai Awo ya miƙe ba tare da an kira shi ba.

"Takarda talatin na cika," ya ce. "Ko ɗaya ban karanta wa mai ita ba. Alamar da kuke gani ƙarya ce, kuma hannuna ne."

A ranar aka sallame shi. Jami'ar ta sa aka karanta wa kowa takardarsa daga farko har ƙarshe, aka sake tsari: bishiyoyi a bakin iyaka, noma a tsakiya. Aka tuge turakun. Sai dai damina ta riga ta yi nisa.

Washegari Auta ta tarar da Mai Awo a gona da fartanyar aro, yana noma kamar mai faɗa da ƙasa. Ba ta kore shi ba. Haka suka ƙarasa daminar, shi a wannan gefe ita a wancan, hannunsa ya yi kanta. Saƙonninsa suka taru a wayarta, tana karantawa ba ta amsawa.

Amfanin da aka samu rabin na bara ne. Ranar da aka gama sussuka, Baba da kansa ya kira ta. Ya ce ya ga mutane da yawa sun yi ƙarya don su tsira da aiki, bai taɓa ganin wanda ya kori kansa da bakinsa ba. In har zuciyarta na nan, shi ya janye.

Zuciyar na nan, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Aka ɗaura aure ba wani taro mai yawa. Baba ya haɗa hannayensu ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da damina mai albarka, kowa ya ce amin. Da mutane suka watse, ango ya matso yana tambaya a hankali ko yanzu ta yafe.

Auta ta dube shi, ta dubi ɗan abin da ke rumbu.

"Rabi muka girba, rabi na yafe," ta ce. "Sauran sai baɗi, in ka noma shi."

Ya ce ya ji, ya kuma yarda.