Yadin da Sahabi Bai Yanke Ba

Zif ɗin ya hau har tsakiyar baya, ya tsaya cak.

Lauratu ta ɗauke numfashi, ta matse ciki har idonta ya kawo ruwa, ta sake ja. Ko gezau.

Saura kwana tara ɗaurin aure...

Ta zame ta zauna a bakin gado, leshin rabi a jikinta, kuka ya ƙwace mata. Riguna shida Sahabi ya ɗinko daga kayan lefe, domin shi ne angon kuma shi ne telan, amma ko ɗaya ba ta shige ta ba. Ba kuwa laifin tela ba ne. Da ya nemi tsohuwar rigar da zai auna da ita, kamar yadda mata ke aikawa, ƙasan akwati ta tona ta ɗauko wadda ta fi kowacce ƙanƙanta. Ya juya rigar a hannu ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta haɗe rai ta ce kafin biki za ta shiga, shi dai ya ɗinka.

A shagonsa na Gwandu suka san juna, lokacin da take koyarwa a wata firamare a can. Duk sanda ta yi yaƙi da abinci ta rame, sai ta kwaso riguna a rage mata, tana tafiya tana jin kanta. Bayan 'yan watanni jikin ya dawo har da ƙari, ta cusa rigunan a akwati don kunya ta ɗinka sababbi. Sau uku ana haka. Sahabi dai keke yake takawa yana kallon ikon Allah, har kallon ya zama so.

Mahaifiyarsa, Inna Zahra'u, ita ce ta ƙi. Huseina, 'yar ƙaninta da ta daɗe tana hangen Sahabi, ta zuba mata a kunne cewa mace mai ƙiba ba ta haihuwa da wuri, Inna kuwa ɗa ɗaya gare ta. Da maganar ta iso Kalgo, garinsu Lauratu, sai ta yi wata biyar ba tuwo ba fura. Inna ta gan ta a wani suna a Dodoru, siririya kamar a busa ta faɗi, nan take ta amince aka sa rana.

To, rana aka sa, ba a tambayi jiki ba. Wata bakwai ya isa ya mayar da abin da aka ƙwace masa.

Wayarta ta yi ƙara. Saƙon Huseina ne, da hoton Lauratu da aka ɗauka a kasuwar Kalgo ba ta sani ba. A ƙasa ta rubuta cewa Inna ta gani, kuma ran Juma'ar jajibirin ɗaurin aure za ta zo ta duba da idonta, tunda ba ta son a yi mata rufa-rufa.

Lauratu ta ajiye wayar. Tsoro ne zalla ya kama ta, tsoron rasa mutumin da ba ta iya tunanin rayuwa ba shi. Daga ranar ta rufe baki, ba cin abinci. Ruwan ɗumi da lemon tsami da safe, da rana wani shayin rage ƙiba da ta saya ta waya, wanda ya mayar mata da banɗaki ɗakin zama. In Sahabi ya kira ya ce, “Laurena, kin ci abinci?” sai ta ce yanzu ta tashi daga kan kwano.

Rana ta huɗu, ana sallar Azahar, ta ɗaga bokiti a tsakar gida. Ƙasa ta juya mata.

A asibiti ta farka da robar ƙarin ruwa a hannu. Gwaggo Nana Aisha, yayar babanta da ta yi shekara talatin tana aikin jinya, tana zaune gefe da fuskar da ba wasa. Lauratu ta fara kuka tana cewa ita ce ba ta da zuciya, ita ce mai kwaɗayi, wasu sun rame sun zauna ita ta kasa.

“Yi mini shiru, ɗiyata. Wa kinka gani ya zauna? Kaɗan ne. Jiki bai san kwalliya ba. In kin hana shi abinci, shi dai ya san yunwa ta faɗo gari. Sai ya rage abin da yake ƙonawa, ya ƙara miki jin yunwa. Ran da kinka koma ci, ya yi kamar manomin da ya sha fari, ya cika rumbu ya gina na biyu. Ba halinki ne ya lalace ba.”

Ta tambaye ta rabonta da al'ada. Lauratu ta sunkuyar da kai ta ce a wata biyar ɗin da ta yi ba tuwo ba fura, wata uku ba ta gani ba.

Sallama aka yi a bakin ƙofa. Sahabi ne da leda a hannu, idonsa jawur, Inna Zahra'u a bayansa. Bai jira Juma'a ba, shi ya ɗauko ta. Lauratu ta jawo mayafi tana ƙoƙarin rufe jikinta, kamar mayafi zai rage wani abu.

Gwaggo ba ta bari an gama gaisuwa ba. Ta gaya wa Inna cewa ta karɓi haihuwar masu jiki da sirara ba adadi, kuma yunwar da yarinyar nan ta ɗora wa kanta don a yarda da ita, ita ce ta taɓa tsayar mata da al'ada. In jika ake so, hanyar da aka bi ce ta fi kusa da hana shi. Inna ta dubi robar ruwan, ta dubi busasshen leɓen Lauratu.

“Yaya Sahabi, ka yafe mini...” in ji Lauratu. “Ba su shige ni ba. Ko ɗaya. Na ɓata maka lefe, na ɓata komai.”

Ya ciro leshin daga leda, wanda ya biya gidansu ya karɓo, ya juya cikinsa waje. Ya zaro reza daga aljihu ya fara farke ɗinkin gefe a hankali. Yadi ya warware, ninki bayan ninki, faɗin tafin hannu a kowane ɓangare.

“Ban yanke ba, masoyiya. Ki je ki buɗe akwatinki, duk rigar da kinka kawo in rage, ninkewa na yi na ɓoye a ciki. Tun ta fari. Na san za ki dawo, ni kuma wadda ke dawowar nake so.” Ya share ido da bayan hannu. “Laifina shi ne shirun da na yi. Na ji tsoron fushinki, har kinka kusa mutuwa.”

Lauratu ta riƙe yadin da hannu biyu ta kifa fuska a kai. Shekara uku tana cusa riguna a akwati tana jin ta fi ƙarfinsu, ashe duk da wurinta a ciki.

Inna Zahra'u ta miƙe ta fita. Lauratu ta ce a ranta shi ke nan. Can sai ga Inna ta dawo da kwanon fura da ta sa aka damo a bakin asibiti. Ta zauna a gefen gado, ta cika ludayi.

“Buɗe baki, ɗiyata. Ni na jawo wannan, ni zan fara gyara shi.”

Ran Asabar ta sama aka ɗaura aure a Kalgo. Huseina ba ta zo ba, ba kuma wanda ya tambaya. Wanda ya matso kusa da amarya zai ga layin hujin allura a gefen leshinta, inda tsohon ɗinki yake. Ƙawaye suka ce ta saki gyale ta rufe wurin.

Lauratu ta ɗage gyalen ta mayar kafaɗa, ta ce a miƙo mata tuwon shinkafa.