Itacen da Teku Ta Tofar

Itace ne ya ƙare mana, shi ya fitar da mu daga gida a yammacin nan.

A garinmu Sawakin, wanda ba shi da halin sayen gawayi bakin teku yake zuwa ya tsinci abin da ruwa ya tofar. Haka nake yi tun da mijina Onur ya tafi. Shi ne mai riƙe sandar tuƙi a jirgin wani attajiri mutumin Hadramaut. Sun loda dawa da man shanu da fatu za su Jidda, su komo da yadi da dabino. Ya ce mini kafin wata ya mutu zai dawo. Watan ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya tsufa. Mata suka daina tambayata labarinsa a bakin rijiya. Wannan shirun nasu ya fi tambayar ciwo.

Na ɗauki igiya ke nan surukata ta ji motsina. Nafisa sunanta, amma Yumma nake ce mata, kamar yadda ɗanta yake kiranta. Idonta ya daɗe da mutuwa, kunnenta kuwa ko tafiyar tururuwa yana ji.

"Ina za ki, 'yar tudu?"

"Itace, Yumma."

"Ki bar ni da wa? Da kuliyoyin garin nan, waɗanda rabinsu ba kuliyoyi ba ne, aljanu ne? Miƙo mini sandata."

'Yar tudu suke ce mini ita da ɗanta, don a kan duwatsu aka haife ni, cikin masu raƙuma. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi cikin salka ba sai da aka kawo ni gidan aure. Ban iya iyo ba, ban kuma taɓa son in koya ba.

Muka bi gaɓa muka yi arewa, hannunta a kafaɗata. Muka wuce inda masassaƙa ke gyaran jirage, muka wuce bukkar masunta ta ƙarshe. Duk an riga mu tsincewa. Rana ta fara faɗawa bayan duwatsu. Na ce mu juya, Yumma ta ce da me za mu dafa tuwo, da yatsunta? Muka ƙara gaba.

Bayan wata 'yar kwana sai ga itace zube a kan rairayi, kamar an sauke shi daga bayan raƙumi. Na zaunar da ita a kan wani dutse, na shiga tarawa ina murna.

"Yau mun yi goshi, Yumma. Wannan zai kai mu sallah."

"Ba ni ɗaya in ji."

Na sa mata a hannu. Ta shafa shi tun daga kai har ƙarshe. Yatsanta ya tsaya a wani rami na ƙusa. Ta kai shi hanci. Ni ma a lokacin na ji warin: man kifin da ake shafa wa cikin jirgi.

"Wannan ba reshe ba ne," ta ce a hankali.

"Jirage da yawa ne a teku, Yumma."

"Haka ne, 'yata. Da yawa ne."

Ba ta mayar mini da katakon ba. Ta rungume shi a cinyarta.

Na duba ƙasa sosai. Tsakanin katakan akwai dabino, ya kumbura ya yi fari. Akwai wani dogon yadi shuɗi da ya nannaɗe da ciyawar ruwa. Na kau da kai. Ban gaya mata ba.

Daga can masallacin tsibirin garinmu muka jiyo kiran sallar magariba, siriri, iska na yanka shi. Kafin ladan ya kai ƙarshe iskar ta tsaya cak. Ƙaguwoyin da ke guje-guje a kan rairayi duk suka shige ramukansu. Ruwa ya kwanta kamar mai a kasko.

Sai na ji kukan katako.

Ƙiiƙ. Ƙiiƙ.

Duk matar ɗan jirgi ta san wannan ƙarar. Igiya ce ke gugar sandar jirgi idan ya ɗauko nauyi.

Na ɗaga kai. Ga jirgi can, bayan layin duwatsun murjani, inda ko kwalekwalen masunta ba ya bi. Ƙyallen da iska ke tura shi da shi a cike tam, alhali babu iskar da za ta motsa gashin tsuntsu. Na gane jirgin su Onur ne da facin nan ja da ke gefen ƙyallen. Babu fitila ko ɗaya. Mutane ne jere a gefensa, a tsaye, ba mai motsi.

"Madina," Yumma ta raɗa. "Me kike gani?"

Na ƙura wa mutanen jirgin ido.

Ɗaya daga cikinsu ya sauko cikin ruwa, da ƙunshi a kansa. Ya nufo gaɓa. Yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, wadda igiya ta taɓa karya masa.

"'Yar tudu!"

Igiyar hannuna ta faɗi. Ban san lokacin da na shiga ruwa ba, ni da ko wanka ba na yi a teku.

"Onur! Salamu alaikum! Onur, kai ne?"

Bai amsa sallamar ba.

"Zo ki kama mini kayan nan, sun yi mini nauyi."

"Me ya tsayar da ku? Ka san halin da ka bar mu? Uwarka ko abinci ba ta ci!"

"Muna nan kusa. Tuntuni muna nan kusa. Kullum ina hango hayaƙin gidanmu."

Ruwa ya kai mini gwiwa. Ina kuka ina dariya. Na miƙa hannu. Yana nan dai gabana, kamar taku kaɗan ya rage. Na ƙara gaba. Tazarar ba ta ragu ba.

"Ka matso mana. Ka san ina tsoron ruwa."

"Sanyi nake ji, Madina. Zo."

Ruwa ya kai ƙugu.

Wani wari ya iso ni. Ba na man kifi ba. Irin warin rijiyar da dabba ta faɗa ciki aka daɗe ba a sani ba.

Duhu ya rufe fuskarsa, sai farin haƙora. Wani ɗan abu ya fito daga cikin sumarsa, ya gangara ta wuyansa, ya shige riga. Bai kore shi ba.

Na ga wannan da idona. Wallahi na gani. Amma ƙafata ba ta tsaya ba.

Ruwa ya kai ƙirji.

Aka fizgi mayafina ta baya.

Yumma ce. Ta yar da sandarta, ta biyo ƙarar tafiyata cikin ruwa, tana lalube. Hannunta ya damƙi wuyan rigata. Ta kawo bakinta saitin kunnena.

"Tsaya. Saurara."

"Yumma, Onur ne! Ɗanki ne!"

"Na ce ki saurara. Ba ya numfashi."

Na kasa kunne. Yana ta magana, yana cewa ya sayo mini yadi shuɗi, ya sayo wa uwarsa turare, in zo in gani, in zo in karɓa, in zo. Kalma na bin kalma kamar ruwa daga bakin tulu. Ko sau ɗaya bai tsaya ya ja iska ba.

Na sauke hannun da na miƙa masa.

"Ja da baya," ta ce. "Kada ki juya da sauri. A hankali."

Muka ja taku ɗaya. Maganar ta yanke.

Kansa ya juya daga kaina zuwa kanta. Da ya sake buɗe baki, ba muryar babban mutum ba ce. Muryar ɗan yaye ce, wadda ban taɓa ji ba.

"Yumma."

Hannunta ya saki rigata.

"Yumma, ɗauke ni. Ruwa ya shiga hancina."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin tsohuwar nan, irin na taguwar da aka yanka ɗanta a gabanta. Ta miƙa hannuwa biyu ta yi gaba.

"Ga ni nan, ɗana. Ga ni nan."

"Yumma, ke kika ce ba ya numfashi! Ba shi ba ne!"

"Sake ni!"

Na rungumo ƙugunta. Ta yi ta duka na, tana yaƙushi. Ƙarfin da ke jikinta a ranar ba na tsohuwa ba ne. Ta ja ni, na bi ta, na ɗaga ƙafa zan taka.

Babu ƙasa.

Mun kai bakin dutse. Gaba sai zurfi, baƙi ƙirin.

Wani abu mai sanyi ya zagaye idon sawuna. Yatsu ne. Na ji su ɗaya bayan ɗaya suna rufewa.

Na kurma Ayatul Kursiyyu. Ruwa ya cika mini baki, na tofar, na ci gaba. Na manta tsakiya, na koma farko. Na kafa ɗaya ƙafar a jikin murjani, ya tsaga mini tafin sawu, na fizga da duk abin da Allah Ya ba ni.

Ya saki.

Na saɓa Yumma a baya kamar jaririya. Ina faɗuwa ina tashi. Ban waiwaya ba.

A bayanmu sauran da ke kan jirgin suka fara kira. Kowa da sunan da yake kira. Sharifa. Asha. Zahra 'yar Hamad. Matan unguwarmu ne, waɗanda nake haɗuwa da su a rijiya. Suna kiransu a hankali, da lallashi, yadda miji ke kiran matarsa daga bakin ƙofa.

Muka zube a kan rairayi.

Nan take kiran ya ɗauke. Sai wata irin ƙara ta tashi, ta katako mai kauri yana tsagewa a kan dutse. Iska na kuka, alhali ko gefen mayafina bai motsa ba. Igiyoyi na tsinkewa. Maza na ihu, wani na kiran shugaban jirgi, wani na kiran uwarsa. A cikin hayaniyar na ji murya ɗaya, tana haki, tana shaƙewa, tana yankewa tana dawowa.

"La'ilaha... illallah... Muhammadur..."

Ruwa ya rufe sauran.

Yumma ta ɗago kai daga rairayi. Ta daina kokawa.

"Wannan shi ne," ta ce. "Kin ji numfashinsa? Wannan ɗana ne."

Ta ƙarasa masa kalmar da bakinta.

Da na iya duba teku, babu jirgi, babu kowa. Ruwa na lasar gaɓa kamar kullum. Muka koma gida ba itace, jinina na bin sawunmu.

Washegari Yumma ta sa aka kira liman ta ce a yi wa ɗanta addu'a. Ya ce ta yi haƙuri, ba a yanke ƙauna ga wanda ba a ga gawarsa ba. Ta ce ita ta ji, ya isa. Ba a yi mako ba masu nutson lu'ulu'u suka shigo gari da labari. Sun ga ƙashin jirgin a kan duwatsun arewa. Guguwa ce ta same su a hanyar dawowa, suna hango duwatsun garinmu. Ba wanda ya fita.

Na shiga takaba. Da na gama, na bi gidajen matan nan ɗaya bayan ɗaya na gaya musu abin da na ji. Wasu suka zage ni. Zahra 'yar Hamad kuwa ta ce ita ma tana jin ana kiranta idan rana ta faɗi, ta ɗauka haukacewa take yi.

Tun daga nan ba mai zuwa gaɓar arewa a cikinmu, kuma ba a sake hura wuta da itacen teku a gidana ba. Idan magariba ta kawo jiki sai mu taru a tsakar gidanmu, mu rufe ƙofa, mu yi ta dakan gahawa da citta da ƙarfi, ko ba mai sha, don ƙarar turmi ta cika mana kunne.

Yumma ba ta daka. Takan zauna a jikin bango, kunnenta ɗaya a karkace wajen teku. Nakan ɗaure gefen zanenta da nawa, ta kuwa bar ni in ɗaure.

Wata rana, ana tsakiyar daka, ta jawo ƙullin a hankali har na matso.

"Madina."

"Na'am, Yumma."

"Na san ba shi ba ne. Na fi kowa sani. Amma muryarsa ce. Ki kai ni in tsaya daga nesa. Ba zan shiga ba. Sau ɗaya kawai in ji ya ce Yumma."

Na ƙara wa ƙullin wani ƙulli, na ɗora kaina a cinyarta, muka yi ta kuka har aka kira isha'i. Ban iya ce mata a'a ba, don da ta sake roƙo sau ɗaya, da ni zan riga ta zuwa bakin ƙofa.